Hannun Baba na Dama

Jiya a Tunga na wuce mai sayar da man kaɗanya, warinsa ya tuna mini da marigayi Baba.

Ranar da ya faɗo daga babur, ƙashin da ke haɗa kafaɗarsa da ƙirji ya goce, ya nutse ciki. Likita ya ce ba a cika ganin irin wannan ba, sai an yi tiyata, don ƙashin yana danne maƙogwaro. Ni na hana. Na ce ba za a yanka tsoho ba, alhali zaman asibiti ne ya ishe ni. Na kai shi wurin mai ɗori, aka shafa man, aka ja, aka ɗaure.

Wata biyu kunu kaɗai ke wuce masa. Da muka koma aka yi aikin, hannun dama bai ƙara ɗaguwa ba.

Da hannu ɗaya yake addu'a bayan sallah. Wata rana ya ce mini, "Zo ka ɗaga mini wannan malalacin, a roƙa da biyu." Na tallafe hannun, sai na ji ni yake roƙa wa albarka.

Allah ya yafe mini, ya hutar da Baba.