Koriyar Rigar Baɗi

Washegarin bikin raba kyaututtukan talabijin, ina zaune a shagon ɗinkin Graciela a Burbank, sai ga wata dattijuwa rungume da koriyar riga. Kanta fari fat, amma tana tafe a miƙe kamar kyamara na bin ta. Na san fuskar, sunan ne ya kwanta mini. Ina jin ta yi shekara arba'in tana fitowa a wasannin talabijin a matsayin uwar wani ko maƙwabciyar wani.

"Sun sake hana ki kyautar, Anti Marjorie!" in ji Graciela. "Karo na biyar fa! Makafi ne?"

"Ke dai rufa mini asiri. Yarinyar da ta ci ta fi ni, na yi mata tafi har hannuna ya yi zafi."

A garin nan abin kunya ne a ga 'yar wasa da riga ɗaya a biki biyu. Ita kuwa da wannan take zuwa duk shekarar da sunanta ya shiga takara. Ta shimfiɗa ta a tebur, tana shafa ƙasanta.

"Rage mini tsawonta kaɗan," ta ce. "Ba na so baɗi in yi tuntuɓe wajen hawa dandamalin."