Sujadar Baba

A Doha famfo ne ke fara gaya maka bazara ta shigo. Ka buɗe na ruwan sanyi da safe ya ƙona maka hannu, don tankin yana saman bene rana na dafa shi. Sai a kashe hitar dafa ruwa a koma wanka da famfon zafi, don ruwansa ya fi sanyi. Shekarata ta biyu ke nan ina karatu, ina zaune a unguwar Bin Mahmud, kuma a makon da na kashe hitar ne maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa min ƙofa.

Ba'indiya ce, nas, ta isa haifata. Duk Juma'a da safe takan ture kujerun falonta, ta tara mata su yi yoga. Ta ce in zo, yau za su tarbi zafi. Na ce mata mu a garinmu ba a tarbar zafi, shi ke shigowa ba sallama. Amma na je, don bayana ya gaji da zaman kwamfuta.

Abin da ta koya mana ba wuya. A rage yaji, a yawaita kokwamba da kindirmo, a naɗe harshe a ja iska ta cikinsa. Ta ce zafi yana sassauta gaɓoɓi, shi ya sa mutum ke ruɗuwa ya wuce iyakarsa. "Rabin abin da jikinki zai iya, khalas, shi ke nan," in ji ta. Daga ƙarshe muka durƙusa, muka zauna kan dugadugai, muka kai goshi ƙasa. Ina nan kife sai Baba ya faɗo min a rai.

Shekara uku ke nan Baba yana salla a kan kujera saboda ciwon gwiwa. Da sanda yake lallaɓawa masallacin unguwa, a ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu. Bai taɓa yin ƙorafi ba sai sau ɗaya, da ya ce min babu abin da yake kewa a duniya irin goshinsa ya taɓa ƙasa.

Na roƙi maƙwabciyar ta nuna min motsin da ya dace da tsoho, ta nuna min guda huɗu, duk a zaune. Ban ce wa Baba yoga ba ne, don na san tun kafin in rufe baki zai ce bautar Indiyawa na ɗebo. Cewa na yi wata nas ce ta koya min. Kullum da hantsi Inna ta riƙe waya, ni ina yi a nan, shi yana kwaikwayo a can, yana tsokanata wai ya tura 'ya karatu ta dawo masa malamar rawa.

Ni dai jikina sai laushi yake ƙara yi, har na fara taɓa yatsun ƙafa. Shi kuwa sai baya yake ci. Ni da gajen haƙuri, na sa a raina lalaci ne. Ina cikin zafin da ko hannun ƙofar mota ba ya taɓuwa, na manta sarai cewa a gida damina ce ta sauka, kuma tun ina yarinya na san sanyin damina ne ke ɗaure masa gwiwa. Ina jin ƙarar ruwa a kan kwano ta cikin wayar, amma ban kawo komai a raina ba.

Wata Laraba na ce, "Baba, gaskiya ba kwa yi ne. Wata guda fa, ko durƙuso ba mu kai ba."

Ya ce, "To, Uwata, za a ƙara ƙoƙari." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Washegari Inna ce ta kira. Ta ce da azahar Baba ya shiga ɗaki ya ture kujerar, ya yi salla a kan darduma. Ya sauka, amma tashi ya gagara. Sai da ta kirawo maƙwabta biyu suka ɗaga shi. Likita ya ce jijiyar gwiwar ta yage, kuma a shekarunsa aiki ba zai yi amfani ba. Tun daga ranar Baba bai sake taka ƙofar masallaci ba.

Kwana uku na kasa kiransa don kunya. Maƙwabciyar ta kawo min abinci, na gaya mata komai, ba ta ce min ai na faɗa miki ba. Da ma ta faɗa, da ya fi min sauƙi.

Ran na huɗu shi ya sa Inna ta kira ni. Yana kwance, an tokare ƙafar da filo. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, kuka ya ci ƙarfina.

Ya ce, "Haba Uwata, kukan me? Ai sai da na daɗe a ƙasan kafin in kira Innarki. Duk abin da na tara na shekara uku na faɗa, ke ma na sa ki a ciki."

Inna ta juya wayar ta kalli silin, ina jin tana jan hanci.