Doyar Baba Danjuma da Tawa a Gona Ɗaya

Har yau ban manta da ranar da Baba Danjuma ya yi mini tambayar da ta rufe mini baki ba. A lokacin ina ƙaramar malamar gona, an tura ni Beji daga ofishinmu na Minna. Aikin malamin gona shi ne ya kai wa manoma sabuwar dabara, ya nuna musu a aikace, sannan ya kai rahoto.

Dabarar da aka ba ni ta irin doya ce. Maimakon a binne doya guda a kunya ɗaya, sai a yanka ta ƙanana, a tsoma a magani, a shanya a inuwa, sannan a shuka. Doya ɗaya sai ta ba da iri mai yawa na baɗi.

Na tara manoma na yi bayani har muryata ta dishe. Kowa ya gyaɗa kai, ba wanda ya ce zai gwada. Sai Baba Danjuma, wani dattijo Bagwari da ake jin maganarsa a garin, ya ce, "Malama, in ta ruɓe, yarana za su kwana da yunwa. Ke fa, me za ki rasa?"

Gaskiyarsa ce, domin albashina zai shigo ko ta tsira ko ta ruɓe.

Na kai maganar ga shugabana, Malam Ndagi. Ya ce, "Hauwa, ki koyar kawai, kada ki yi wa kowa alkawari. In an yi asara, ofis ba ya biya." Na ce, "To, ranka ya daɗe, in na sa tawa fa?" Ya dube ni ya ce wannan ruwana ne.

Ina da irin doya da na tanada don 'yar gonata ta bayan Dutsen Kura, wadda muke ci daga gare ta. Na loda shi duka a mota na kai Beji. Na ce wa Baba ya ara mini gefen gonarsa, a fara yanka tawa. Ya daɗe yana kallon buhunan, sannan ya aika aka kwaso rabin nasa irin.

Muna gama shuka ruwa ya ɗauke. Gonakin maƙwabta da suka binne doya guda-guda suka yi kore, tamu kuwa ƙasa ce zalla. Matar Baba ta daina amsa gaisuwata da fara'a. Akwai safiyar da na tsaya a tasha ina jin kamar in koma gida, amma na hau mota. Ni da Baba muka yi ta rufe kunyoyin da ciyawa don su riƙe laima.

Wata rana Baba ya tona kunya ɗaya a gabana, muka tarar ta ruɓe. Ya tona ta biyu, sai ga ɗan farin tsiro ya fasa bawo. Ya mayar da ƙasa a hankali ya ce, "Tana nan. Mu ba ta lokaci."

Ba duka ta yi ba, mun yi asarar gefen da ke kan tudu. Amma abin da muka haƙa ya ishe shi iri, ya ishe ni, har ya ba 'yan'uwansa. Da damina ta zagayo, manoman da kansu suka zo da wuƙaƙensu, har da wasu daga garin Gwada.

Ku da kuke fara wannan aiki, kada ku ce manomi yana da taurin kai. Abincin gidansa na shekara kuke cewa ya miƙa muku. Kafin ku nemi ya yarda da ku, ku tabbata akwai wani abu naku a cikin ƙasar.