Zabo Bai San Tsadar Baka Ba

Iya ba ta ba da tatsuniya kyauta. A gidanmu na Yako, idan bazara ta yi nisa aka fara hango hadari, sai ta sa a fito da buhun gyaɗar iri a zube kusa da murhu bayan an ci tuwo. Kowane jika da ɗan kwanonsa. Muddin hannu yana ɓarar gyaɗa, labari yana tafiya. Da zarar ta ji ƙarar ɓawo ta ragu, sai ta yi shiru, ko da kura ce ta buɗe baki za ta haɗiye wani a cikin labarin. Kakarmu ce ta wajen uba. Sunanta Zainabu, amma ban taɓa jin wanda ya kira sunan ba, har liman Iya yake ce mata.

Tana zama ne ta jingina da bangon madafi, faifai a kan cinya, tana tura karan dawa cikin wuta da ƙafa. Ni nake zama a damanta, ƙanena Sabi'u a hagu, sauran yaran gida su kewaye. Sabi'u ɗan lelenta ne, “Maigidana” take ce masa, kuma rabin gyaɗar da yake ɓarewa a cikinsa take ƙarewa. Ni da nake cika kwano ban taɓa samun ko sannu ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Ba ta cewa “ga ta nan” irin ta kowa. Cewa take, “Ga ta can tafe da kaya a ka, wa zai sauke ta?” Mu ce, “Mu ne!” Ta ce, “To, hannu dai.”

Akwai wata tatsuniya da take maimaitawa kusan kowace shekara, kuma ita ce na fi tsana. Wai an yi wani maharbi a bakin dajin Falgore, Tanko, yana zaune da tsohuwarsa. Bakansa irin na kowa ne, kuma tukunyarsu ba ta rasa nama. Ran nan fatake suka sauka garin da wani baka baƙi mai sheƙi. Suka ce wanda ya sassaƙa shi ya mutu, uku kacal ya yi a duniya, biyu suna hannun manya. Idon Tanko ya rufe. Ya ba da jakinsa, ya ƙara da rumbun dawa, ya karɓi baka. Sai da ciniki ya faɗa suka gaya masa sharaɗi: kafin kowane harbi sai ya auna nisan abin da ido, ya murɗa tsirkiya daidai wannan nisan. In ya dace, kibiyarsa za ta iya raba gashin gira biyu.

Ana nan sai tsohuwarsa ta kwanta ciwo, ta ce ba abin da ranta yake so sai romon zabo. Tanko ya saɓi sabon baka ya shiga daji, ya tarar da garken zabi a bakin ruwa. A nan Iya take ɗaukar ƙwayar gyaɗa tana murza ta tsakanin yatsu. “Ya auna, ya murɗa. Zabi suka matsa. Ya sake aunawa, ya sake murɗawa. Zabi suka ƙara gaba.” Sai ta yi ta jan wannan wuri har ni in ji kamar in tashi in ƙwace bakan. Can dai zabi suka gaji suka tashi fir. Tanko ya saki kibiya, ta bi ɗaya a sama, ta tsinke masa gashi guda tak a wutsiya. Gashin ya sauko yana lilo, zabo ya yi gaba. Tanko ya dawo gida a ƙafa, tunda babu jaki, ya miƙa wa uwarsa gashin. Ta jujjuya shi, ta soke a jikin jinka.

“Shi ke nan?” in ji ni.

“Shi ke nan. Kan kusu ma yau babu, kyanwa ta riga ku.”

“To me ya hana shi tafiya da tsohon bakansa?”

“Ke Rabi, wa kika taɓa gani da abu mai tsada a ɗaka ya fita da na araha?”

Sabi'u kuwa, baki cike da gyaɗa, kullum bayan Tanko yake bi. “Amma fa Iya, zabon yana sama ya same shi! Bakan yana da kyau ko?”

“Baka lafiyarsa ƙalau, Maigidana,” in ji ta. “Zabo ne bai san tsadarsa ba.”

Da na san abin da yaron nan zai zama, da tun lokacin na riƙa kai masa ranƙwashi.

Sabi'u ya girma ya zama mai hoto a Tudun Wada, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya. Daga Bebeji har Doguwa ana kiransa biki da suna, yana zuwa a kan babur ɗinsa. Kyamararsa irin wadda ake cire gilashin gabanta a sa wani ce, kuma gilashin da ta zo da shi da kansa yake nemo fuskar mutum, dannawa kawai ake yi. Sai wani dillali a Kano ya nuna masa wani tsohon gilashi, ya girme mu duka, wai an daina ƙera irinsa, wai Turawa ma neman sa suke ido rufe. Shi ba ya nemo kowa. Sai ka sa ido, ka riƙa murɗa shi da hannu a hankali har abin da kake so ya fito tar. Sabi'u ya sayar da babur ya saya.

Ranar da ya zo nuna mini a gidana na Dangora, a bayan ɗan acaɓa ya zo. Ya kwance abin daga cikin tsumma uku, sai ka ce jariri. Na ce, “Yanzu wannan gwangwanin ne babur?”

“Yaya, araha ba ta ado.”

“Tsada kuma tana kai mutum Doguwa? Hau shi mu gani.”

Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Ya nuna mini hotunan da ya ɗauka, kuma gaskiya ɗaya ce, suna da kyau. Fuskar mutum ta fito har kana ƙirga gashin ido, abin da ke bayansa duk ya narke. To nan fa ake yin ta. Wata uwar amarya a Bebeji ta dawo masa da hotuna tana sababi. Shekara uku tana tara kwanuka, aka kwana biyu ana jere, ga amarya a hoto tar, bayanta kuwa sai wani hazo-hazo. “Ina jeren?” in ji ta. “Dangin uba za su ce a kango muka kai ta!” Ya tsaya yi mata bayanin wai haka manyan masu hoto suke yi. Ta ce manyan su je su yi wa ’ya’yansu. Duk da haka bai daddara ba, tsohon gilashin na zamani ma sai ya riƙa barin sa a shago.

Ita kuwa Iya ba ta da hoto. Wanda aka taɓa yi mata na katin zaɓe ne, kamar ɗan yatsa, shi ma ɗaki ya yi yoyo ruwa ya cinye. Ba wai ta ɗauke shi haramun ba ne, cewa take ita ba amarya ba, ba ɓatacciya ba, me za a yi da fuskarta a takarda. Da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe, ta bi mutum da baƙar magana.

Da na haifi ’yata ta fari aka sa mata sunan Iya, muke kiranta Ummi. Na je Yako wankan jego, na yi kwana arba'in ina roƙon Iya ta bari a ɗauke ta hoto. Ana gobe zan koma, da yamma, tana zaune a gindin bangon nan nata da faifan gyaɗa, sai ta ce, “Saboda takwarata, ta san wadda ta ci sunanta. Amma sau ɗaya. Ƙyas ɗaya na ji, na rufe fuskata.”

Wayata tana hannuna. Wannan ne wurin da har gobe nake jin haushin kaina. Na ɗaga ke nan Sabi'u da ya zo gida ran nan ya dafe hannuna. “Haba Yaya! Hoton Iya guda ɗaya a duniya, a ɗauka da waya? Ga abin da aka yi domin irin wannan rana.” Ni kuma, da bakina da wayona, na sauke. Na ce a raina abin da aka ba da babur a kansa ai ba zai ba da kunya ba.

Ya durƙusa. Iya ta sunkuya a kan faifai tana ɓara, ta ƙi ajiyewa. Ya murɗa. Ya matsa baya. Ya murɗa. Ya ce ta ɗan ɗago. Ya ce a kori akuya. Ya sake murɗawa. Ni ina tsaye da jaririya a kafaɗa.

“Maigidana,” in ji Iya, “rijiya kake haƙawa a ciki?”

“Saura kaɗan, Iya, kar ki motsa.”

“Shekara tamanin ina motsi, yau za ka hana ni?”

Ta saki dariya, ta koma baya ta jingina da bango. A daidai nan ya danna. Ta ja mayafi. Ya duba ɗan allon bayan kyamara ya ce ya yi, wallahi ya yi.

Bayan mako biyu ya wanko shi babba ya kawo mini Dangora, yana ta sosa ƙeya tun daga ƙofa. Na zare daga takarda. Hannayen Iya ne a kan faifai, tar, ga zoben azurfarta, ga tabon lauje a babban yatsa, ga ɓawon gyaɗa ya tsage rabi. Fuskar kuwa, da ta koma baya, ta narke ta bi jeren amaryar Bebeji. Ana gane mutum ce tana dariya, iyakarta ke nan.

Ban san adadin abin da na gaya masa ba. Na kira shi Tanko, na kira shi abin da ya fi haka. Ya ce zai koma ya lallashe ta a sake. Da da babur, tafiyar yini ɗaya ce, ya je ya dawo. Sai ya zama yau aiki, gobe babu mota, jibi a bari sai da Sallah gaba ɗaya. Iya ba ta kai Sallah ba.

Shekara shida ke nan. In aka tambaye ni ko irin wannan gilashi ya ci kuɗinsa, cewa nake a'a, kuma da ƙarfi nake faɗa. Abu ne na wanda yake da babur biyu, da mutanen da za su zauna masa kamar turmi. Abin da ke gabanmu mu kuwa motsi yake, tsofaffi da yara da amare masu kuka, ba wanda ya san nawa ka saya. Sabi'u yanzu ya sake yin babur, gilashin yana nan cikin tsummansa uku, ba ya fita da shi, ba ya kuma yarda a yi zancen sayarwa.

Sai dai bara ya ce in ba shi hoton, wai akwai masu gyara fuska da kwamfuta, za su zana mata ido da hanci. Na ce ya taɓa ya gani. Fuskar wata za su liƙa mini in riƙa gaisarwa? Da na zauna na yi tunani, duk daren da muka yi a bakin murhun nan, wuta cinyarta take haskawa, kanta yana cikin inuwar bango. Hannayen nan nake kallo suna murza gyaɗa, daga bisansu murya take fitowa. Wawan gilashin ya ɗauko Iya yadda na san ta. Wannan bai sa na yafe masa ba, domin fuskar nake nema, kuma kullum ƙara ɓace mini take.

Hoton yana rataye a ɗakina. Kwanan baya Ummi ta hau kujera ta ƙura masa ido ta ce, “Umma, ina fuskarta?” Na sauke ta, na ɗebo gyaɗa na zuba mata a kwano, na ce hannu dai. Na ba ta labarin Tanko tun daga fatake har gashin da aka soke a jinka.

“Shi ke nan?” in ji ta, ta ɓata rai.

“Shi ke nan.”

“To tsohuwar ta sha romon?”

Na ɗaga kai na dubi bango. Na ce, “Ba ta sha ba, Ummi. Amma ba ta yar da gashin ba.”