Ladan da Kifin Rami

Ladan ya shekara talatin yana su a tafkin Kainji, daga gaɓar Warra. Ya san inda kifin ragon ruwa ke fakewa, kuma da kallon ruwa kawai yakan gane iska na tafe. A bakin ruwa shi ake tambaya, ba ya tambayar kowa.

Da kamu ya ja baya, sai Surajo, ƙanen matarsa Ramatu, ya zo daga Yelwa da shawara: a haƙa rami a bayan gida, a shimfiɗa tamfol, a zuba 'ya'yan tarwaɗa.

"A riƙa ba kifi abinci kamar kaza?" in ji Ladan. "To kai mi za ka samu ciki?"

"Ba komai, Yaya. Gwadawa dai za ka yi."

Wannan "ba komai" ta tsaya masa a rai. Ya yarda ne don Ramatu ta matsa, amma a zuciyarsa ya ce filin bayan gidan Surajo ke hari. Lokacin da Surajo ke bayani, Ladan na can yana shinshina buhun abincin, har ya tauna ƙwaya ɗaya ya tofar.

Mako na uku da zuba su a ramin, kifaye suka fara tasowa ciki a sama. Ladan ya rantse wani ne ya zuba abu. Ya daina fita su, ya kafa kujera a bakin ramin, duk maƙwabcin da ya leƙo sai ya sha harara.

"Malam," in ji Ramatu tana toshe hanci, "yaushe rabonka da sake ruwan ga?"

Ya leƙa ramin. Bai ma san ana sakewa ba.

Ta ce, "Surajo ya faɗi, ba ka saurara ba. Kuma ka fi son su ƙare da a ji ka yi tambaya."

Maganar ta yi masa zafi, ya wuni bai kula ta ba. Washegari ya hau kabu-kabu zuwa Yelwa. Sai da ya gaida Surajo sau uku kafin bakinsa ya iya cewa, "Sake mini bayanin, daga farko."

Kusan rabin kifin suka tsira. Da suka girma, abokan sunsa suka zo kallo, ɗaya ya ce ashe ya zama gwani.

"Ina fa," in ji Ladan. "Koyo nike." Ya miƙa masa bokiti ya ce ya taya shi kwasar ruwa.