Kanwar Raƙumin Dawa

Shekarar da aka kore shanun Baba muka baro Gurbin Bore, muka kama hayar ɗaki biyu a Ƙaura, bayan tsohuwar tashar jirgi. Ni a lokacin na riga na zama direban babbar mota, ina ɗaukar shanun mutane daga kasuwar Shinkafi in kai kudu. Ɗan makiyayi ya koma dakon shanun wasu. Baba bai taɓa yi mini gori ba, amma duk ranar da na dawo sai ya dubi takalmina, inda kashin shanu ya bushe, ya kau da kai.

Mutumin da tun yana yaro kukan maruƙa ke tashinsa, sai ga shi a kan tabarma a ƙofar gida daga hantsi har la'asar, yana kallon 'yan kabu-kabu. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba, shiru kawai ya yi. Ana cikin haka ido ya fara ba shi matsala. Na kai shi asibiti a Gusau, likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa a hankali, magani kuma jinkirta abin kawai zai yi. Muka dawo da 'yar kwalbar magani.

Wata rana muna shan fura na kawo wata hira don dai in cika shirun. A birnin da nake sauke shanu, kullum ina wuce wani ƙaton allo mai zanen dabbobi a bakin titi.

Na ce, "Baba, can inda nika sauke kaya akwai wani gida, gidan zu aka ce mishi. Sun tara namun daji, giwa, zaki, har raƙumin dawa. Wai kuma akwai ɗaki guda na kihi zalla, cikin gilashi, kana tsaye suna wucewa ta gabanka."

Baba ya ajiye ludayi. "Raƙumin dawa kac ce?"

A ranar ya ba mu labarin da ko Inna ba ta taɓa ji ba. Yana ɗan ƙarami, suna tashi da garke can arewa wajen iyaka, da sassafe shanu suka ja suka tsaya. Ya ɗaga kai sai ya ga kawuna uku a saman itatuwan ƙaya, suna cin ganye ba su damu da kowa ba. Mahaifinsa ya dafa masa kai ya ce kada ya motsa. Suka tsaya har dabbobin suka juya suka tafi, kuma bai ƙara ganin irinsu ba.

"Kihi kuwa," in ji shi, "ni ban taɓa ganinai ba sai ta baya, in muna ƙetare gulbi, ko busasshe cikin kwando. Ka ce ta gehe aka ganinai, da ranshi? Ina son in ga yadda shika kallon mutum."

Tun da muka zo Ƙaura ban ji ya ce yana son wani abu ba sai ranar. Daɗi ya kama ni, na ce to ai shi ke nan, tafiya mai zuwa ya shiga gaban mota mu tafi. Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. A wurin makiyaya ba a tashi haka. Kafin garke ya bar mashekari sai an tura garso, wato mutumin da zai riga kowa zuwa ya dubo ruwa da ciyawa da halin mutanen wurin, ya dawo ya faɗi abin da idonsa ya gani.

"Kai za ka yi mini garso," in ji shi. Ya shiga lissafa mini abin da zan dubo: inda suke shan ruwa, abin da ake ba su, wane irin mutum ne ke kiwonsu, ko akwai inuwar da tsoho zai zauna da wurin salla. Inna tana daga bakin murhu ta ce, "Sai ka ce aure za a nemo." Ya yi kamar bai ji ba.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wanga" nake tun ina yaro. Daga ranar na koma Garso, kuma ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi.

Na je kuwa. Na sauke shanu, na hau ɗan sahu har ƙofar gidan. Sai na tarar da layi ya miƙe, rana ta take, ga mai mota yana ta kira a waya cewa lodin katako na jirana. Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ya hana ni shiga ba. Gajiya ce da yunwa, da wani tunani na banza da ya ce mini tsohon da bai taɓa wuce Gusau ba, me ya sani? Na ɗauki hoton allon ƙofa, na juya. A hanya duk inda muka tsaya sai in buɗe waya in kalli bidiyon dabbobi, har na haɗa labarina tsaf.

Da na dawo ya sa aka shimfiɗa mini buzunsa. Na zuba, har da su kwaikwayon tafiyar giwa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Raƙumin dawan, shina tuƙa?"

Na ce yana yi.

"Kashinai fa? Awa na raƙumi, ko awa na shanu?"

Bidiyo ba ya nuna kashi. Na ce, "Awa na shanu, Baba."

Ya ce, "To." Ya miƙo hannu ya kama hannun rigata, ya jawo ni kusa kamar zai dafa ni ya tashi, ya ɗan jima a haka. Sannan ya sake ni ya ce madalla.

Washegari ya sa na raka shi kasuwa. Ya bi rumfunan masu kanwa yana ɗauka yana lasa yana ajiyewa, har sai da ya sami jar kanwa da ta yi masa. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce ba a zuwa ganin dabbar mutum hannu wofi, ko ta wane ce. Inna ta wanke masa babbar rigarsa, ya sa wa malafarsa sabuwar igiya, ya shafa wa sandarsa man shanu. Aka ƙulle kanwar a tsumma, aka haɗa da rigar a jaka, aka rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa. Maƙwabta duk suka ji cewa tsohon Bafulatanin nan zai je kudu gaida raƙumin dawa, masu dariya suka yi, shi ko a jikinsa.

Daga nan ranar tafiya ta fara gudu muna bin ta. Damina ta sauka, na ce a bari hanya ta bushe. Azumi ya zo, na ce tsoho ba zai iya doguwar tafiya da ƙishi ba. Bayan Salla injin mota ya buga. Sau ɗaya muka tsayar da rana sosai, har Inna ta daka masa fura ta guzuri, a makon aka tare hanya aka kwashi matafiya, kowa ya zauna gida. Wasu dalilan na gaske ne. Wasu kuwa ni na ƙirƙira, don ina tsoron mu isa ƙofar nan ya ce in kai shi wurin inuwar da na ce na gani, in tsaya ina raba ido.

Bai taɓa matsa mini ba. In na dawo daga tafiya na durƙusa na gaishe shi, tambaya ɗaya ce: "Garso, yaya hanya?" In ce ta kusa kyau. Ya ce Allah shi kyauta.

Amma ina ganin abin da yake yi kowace safiya. Zai fito ya tsaya a ƙofar gida ya auna idonsa da itacen dogon yaron da ke tsallaken titi. Da farko yana iya faɗin ko akuya ce a gindinsa ko tunkiya. Bayan wasu watanni ya daina duban itacen, ya koma duban randar da ke tsakar gida. Daga baya na gan shi yana ɗaga tafin hannunsa yana matso da shi yana ja da baya. Ina ganin duk wannan, kuma ina cewa ta kusa kyau.

Ran nan na dawo da hantsi, na tsaya a gabansa ban yi sallama ba tukuna. Ya ɗago fuska ya ce, "Wa na nan?"

 Na zauna a ƙasa na kama ƙafarsa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kore shanu. Na ce masa ban shiga ba, ƙofa kawai na gani, duk abin da na faɗa ƙarya ne.

"Na sani," in ji shi. "Randa kad dawo na kama hannun rigarka. Warin shanu nij ji, da na gas, da hayaƙin gari. Wanda yash shiga cikin namun daji da warinsu shika dawowa. Kuma kashinai ƙanana na, awa na raƙumi. Na taɓa ɗauka da hannuna."

Na ce to me ya sa bai faɗa mini ba.

"Ina jiran ka koma da kanka." Sannan ya ƙara da cewa, "Garson da yay yi ƙarya, garke shika kashewa. Kai dai ka ci sa'a, ba mu da garke."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Tafiya ta gaba na sauke jakar na ciro kanwar. Da na isa gidan zu na kashe waya, na bi layin nan, na shiga. Wuni na yi. Na ga inda suke shan ruwa, na ga raƙumin dawa ya ware ƙafafun gaba kafin bakinsa ya kai, na ga yana tuƙa, na duƙa na duba kashin. Akwai inuwa, akwai benci a ƙarƙashinta, akwai wurin salla. Mai kula da su wani dattijo ne mai sanyin magana. Na miƙa masa ƙullin, ya ce doka ta hana a ba dabba abin da baƙo ya kawo. Da na ba shi labarin sai ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce zai nuna wa likitansu. Na roƙe shi abu ɗaya kuma. Akwai wani gungume da dabbar ke soshe wuyanta a jiki, har ya yi santsi. Na tuɓe rigata na ba shi. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya shiga ya goga ta a gungumen sosai, ya dawo mini da ita. Na ƙulle ta a leda.

Daga nan na shiga ɗakin kifin da singileti. Wuri ne mai sanyi da duhu-duhu, hasken duk a cikin ruwan yake. Akwai kifi shuɗi kamar an tsamo shi daga rini, akwai mai faɗi kamar faifai, akwai ƙanana da suke juyawa tare kamar an kira su. Wani babba ya taho a hankali ya tsaya daidai fuskata, ya zuba mini ido ɗaya, ba ya ƙiftawa. Haka yake kallon mutum. Na tsaya ina jin haushin idona da yake lafiya lau, ina ta kai hannu gefena inda ya kamata a ce Baba yana tsaye.

Na iso gida bayan la'asar. Na kwance ledar na ɗora masa rigar a cinya. Ya shafa ta, ya ɗaga, ya tusa fuskarsa a ciki. Inna ta bar tankaɗe ta tsaya. Ya daɗe ƙwarai, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka.

"I," in ji shi daga cikin rigar. "Shi na."

Sai da ya sauke ta sannan na ba shi rahoto, wannan karon ɗaya bayan ɗaya yadda ya lissafa mini. Ya tambayi ko mutumin ya karɓi kanwa, na faɗi gaskiyar yadda aka yi, ya ce mutumin kirki na. Sannan ya juya rigar, ya sunsuni ɗaya gefen, ya sunsuni wuyan.

"Kihin fa?"

Na ce, "Shi ba ya da wari, Baba. Gilashi ya tare."

Na yi ƙoƙarin kwatanta masa, shuɗin, da idon da ba ya ƙiftawa. Ya saurara har na rasa kalmomi.

"To," ya ce. "Shi wanga sai na tahi da kaina."

Ya sa Inna ta sayo wata kanwar, aka mayar cikin jaka. Rigata kuma ya hana a wanke, tana ƙarƙashin matashinsa, ko da yake ni na daɗe da daina jin komai a jikinta. Har yau in na dawo daga kudu na durƙusa, yakan juyo da fuskarsa wajen muryata ya ce, "Garso, yaya hanya?" Yanzu ba na yi masa ƙarya. Nakan ce ba ta yi kyau ba tukuna. Shi kuma ya ce to, a bar jakar inda take.