Neman Irin Nonon Gidanmu a Kano

Mun tashi daga Ƙaura Namoda ana sallame sallar asuba, ni da wani maƙwabcina da zai je Kano sarin yadi. Shi ya san abin da zai sayo. Ni kuwa da ya tambaye ni a tasha, sai na ji nauyin faɗa, don abin da zan ɗauko bai wuce cikin ludayi biyu ba.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su tashi cikin shanu ba. Idan an dafa madara ta huce, ba ta zama kindirmo da kanta yadda ake so. Sai an zuba mata ɗan ragowar nonon jiya, a rufe ta kwana. Wannan ragowar muke kira iri. Mai ɗakina ta gaji nata daga mahaifiyarta, ita ma daga tata uwar. Shekarar da zama ya gagara a ƙauyenmu na wajen Birnin Tsaba muka dawo Ƙaura, shanu suka watse, ƙwaryarta ta yi makonni ba ta ga madara ba, irin ya mutu. Ta gwada na kasuwa, ta gwada na maƙwabta, kowanne sai ta ɗanɗana ta ture. Daga baya ta kife ƙwaryar ta bar sana'ar. Tun daga nan abinci ma sai an matsa mata, zanenta ya fara yi mata yawa. Ni kuma na yi ta ce mata nono ai duk nono ne. Ban kyauta ba, kuma na daɗe ban gane hakan ba. Abin da ya tayar da ni shi ne na tuna da ɗiyar ƙanenta da aka kai aure Kano. An haɗa mata da ƙwarya da iri a cikin kayanta, kuma yanzu shagon fura da kayan sha take da shi.

Daga Ƙaura zuwa Gusau direbanmu ya san ramukan hanya kamar 'yan unguwarsu, yana kauce wa wannan yana gaisawa da wancan. A Gusau muka sake mota. Kuɗin da aka faɗa mini sai da na sa aka maimaita, don na zaci na mutum biyu ne. Tsakanin Tsafe da Yankara hira ta mutu a motar, kowa ya koma jan carbi, har wani ɗan kasuwa da bakinsa bai huta ba tun daga tasha. Muna shiga Funtuwa bakin kowa ya dawo. Nan muka karya da shayi da ƙosai mai zafi, wanda aka soya da man da bai tsufa ba, abin da ba kullum matafiyi ke dacewa da shi ba. Muka bi ta Malumfashi da Gwarzo, gonaki duk a share suna jiran ruwa, zafin bazara kuwa kamar an buɗe murhu. Bayan azahar muka shiga Kano ta Kabuga, muka rabu da maƙwabcina, na hau a-daidaita-sahu zuwa wajen Tarauni.

Da na iso ƙofar shagon ɗiyar tamu sai na ja na tsaya. Ta cikin gilashi na hango samari a kan dogayen kujeru, kowa da kofi mai kumfa a gabansa, ga wasu manyan tankunan ƙarfe masu sheƙi da famfo a jikinsu. Zuciyata ta ce, da furfurarka za ka shiga mashaya? Ina shirin juyawa ta fito tana dariya.

"Baffa, shigo mana. Zoɓo ne fa."

"Zoɓo ne ke da hamho?" na ce.

"Har da kunun aya."

Gaskiya wurin ya burge ni. Ƙasa tas, babu ƙuda ko ɗaya. Duk abin da ake sha a nan ake yin sa, a ɗakin baya, kuma an bar taga babba don mai sha ya ga hannun da ke yi masa. Ta kawo mini wani faranti na katako da ƙananan kofuna a jere, kowanne kurɓi biyu, wai don mutum ya ɗanɗana kafin ya zaɓa. Akwai zoɓon da aka dafa da ɓawon abarba da kanumfari, akwai tsamiya da citta mai ratsa maƙogwaro, akwai kunun aya da dabino wanda ba a sa masa sukari ba. Na ga samarin nan suna ɗaga kofi suna duban launinsa a haske, suna sunsunawa, suna gardama a kan wanda ya fi na makon jiya. Abin da a gida yara ke ƙullawa a leda, nan an ba shi kujera an ba shi girma. Kofi guda kuwa kuɗinsa zai shayar da gidana fura a Ƙaura, amma mutane na biya ba sa ko ɗaga gira.

A ƙarshe ta kawo kindirmo. Fari sol, mai santsi, babu abin kushewa. Na sha, na ajiye cokali. Ta sunkuyar da kai tun ban yi magana ba. Ashe ta daɗe da barin irin gida. Masu saye suna son ɗanɗanon yau ya zama na gobe, namu kuwa yana bin yanayi, da zafi daban, da damina daban. Sai ta koma amfani da wata hodar iri da ake sayarwa a 'yar leda. Ta ce kunya ta hana ta faɗa wa gwaggonta a waya. Na fara tunanin da wace fuska zan koma. Sai ta ce kafin ta bari ta taɓa ɗibar wa wani mai irin sana'arta, ko Allah zai sa.

Washegari da hantsi muka nufi wajen titin gidan zu. Mai wurin matashi ne da ya yi karatu mai zurfi, ya bar neman aikin ofis ya kama dafa citta. Kafin ya shigar da ni ɗakin aikinsa sai da ya sa na wanke hannu har gwiwa, ya ɗora mini wata hular leda a kan tawa hular. Ban taɓa sa hula biyu ba sai ranar. Ya nuna mini buhunan citta daga Kachiya, da tsamiya, da zuma, kowanne ya san garin da ya fito da wanda ya noma. Yana da wani ɗan ƙarfe da yake tsomawa a tukunya ya gaya masa zafinta, aikin da mai ɗakina ke yi da ɗan yatsanta. Lemon cittarsa yana da iska a ciki, yana tsikarin harshe. Na tambaye shi sau biyu ko ba ya bugarwa, ya rantse mini, ya kuma nuna mini yadda yake sanyaya shi da wuri don kada ya wuce gona da iri.

Nononsa ya kusa. Na ji ƙamshin gida daga nesa, amma tsamin ya yi gaba da yawa. Bai ɓoye mini ba, ya ce ya gauraya namu da wani da ya samo daga Filato. Abin da ya yi bayan haka shi ya fi tsaya mini a rai. Ya ɗauki waya ya kira wata mata da ke sayar da irin kayansa, wadda a lissafin kasuwa abokiyar hamayyarsa ce, ya ce ga wani dattijo nan zuwa daga Zamfara, ta taimaka masa. Ya ce ita ya ɗibar wa tun kafin ya gauraya.

Wurinta yana cikin Sabon Gari, a wani lungu da ba don ɗiyar tamu ba da ban same shi ba. Babu gilashi, babu tanki. Benci ne 'yan kaɗan a ƙarƙashin rumfa, da randuna da aka binne gindinsu cikin jiƙaƙƙen yashi. Amma ga motoci masu tsada a bakin lungun, masu su na zaune a bencin da ƙoƙo a hannu. Matar 'yar kudancin Kaduna ce, ba ta haɗa komai da Fulani ba, Hausarta ma da ɗan karkace. Ta gaishe ni da ladabi, ta miƙo mini ƙoƙo.

Na kurɓa. Da farko ba ka jin tsami, sai ɗan zaƙi da ƙamshi irin na ɗanyen man shanu, sannan tsamin ya taso a hankali daga can bayan harshe. Shekara arba'in da wani abu ina shan wannan kowace safiya, ba zan kasa gane shi ba. Na yi ta kallon cikin ƙoƙon.

"Baba, bai yi ba ne?" ta ce.

"Shi na, ɗiyata. Wanga shi na."

Ta ba ni labarin cewa tun da aka ba ta ba ta taɓa bari ya kwana da yunwa ba. Ko lokacin Kirsimeti da take zuwa garinsu, a cinyarta take ɗauke da shi cikin mota, ta nemi madara a can. Na ciro kuɗi, ta ture hannuna. Ta ce ba saye ta yi ba, ba za ta sayar ba.

Dawowa ita ce aikin. Da sassafe ta cika mini 'yar kwalba, ɗiyar tamu ta sa ta cikin kula da ƙanƙara. Kafin Funtuwa ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Na sayi tsohon buhun algarara a wurin wani mai albasa, na naɗe kwalbar, na riƙa sayen ruwan leda ina jiƙa shi, ina tara shi a taga iska na bugawa. Rigata ta jiƙe sharkaf. Wani soja a shingen bincike ya ga yadda na rungume ƙunshin, ya ce in kwance. Da ya ga nono ne ya dube ni ya dubi kwalbar, ya ce, "Baba, babu shanu a Zamfara ne?" Motar duka ta kwashe da dariya, har da ni.

Na shiga gida kafin magariba. Ban yi dogon bayani ba, na miƙa wa mai ɗakina kwalbar. Ta buɗe, ta sunsuna, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta tashi ta aika aka sayo madara wurin Fulanin bayan tasha, ta hura wuta da kanta.

Da safe na tarar nonon ya kama, har ana yanka shi da ludayi. Ta sha, ta ce hanya ta wahalar da shi, ya ɗan yi tsami, amma zai dawo hayyacinsa. Sai ta ƙara wani ludayin, ta dama fura ta shanye tas, abin da na daɗe ban gani ba. Sannan ta tambaye ni ko ɗiyar ƙanenta ce ta riƙe shi haka. Na gaya mata gaskiya, hannu nawa ya bi, da wadda na same shi a wurinta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mutanen birni da muke cewa sun watsar da kayan gargajiya, wasunsu sun fi mu tattalinsa. Kuma abin da muka ɗauka na gidanmu ne mu kaɗai, da ba a ba bare ba da yanzu babu shi a duniya. Mai ɗakina, wadda a da ko maƙwabciya ba ta ɗibar wa iri, ta saurari labarin matar Sabon Gari har ƙarshe. Can ta ce:

"Man shanun farko da zan kaɗa nata na. Ka nemo mai zuwa Kano."